Kun Tambaya, Mun Amsa: Ƙarancin Ungozomomi, Kuɗin Tallafi da Aikin 'Yan Sanda

Wasiƙun wannan karo sun karkata kan ɗakin haihuwa, kuɗin tallafi da ofishin 'yan sanda. Ungozoma mai koyarwa ce ta amsa na asibiti, mai binciken asusun gwamnati ya amsa na kuɗi, lauya kuma ya ɗauki sauran. Mun sakaya sunayen masu tambaya kamar yadda muka saba.

Assalamu alaikum. An gyara asibitin garinmu, an yi fenti, an sa sabon kwano. Amma in naƙuda ta taso da dare sai a tarar da ƙofa a kulle. Ungozoma ɗaya ce, ita ma daga birni take zuwa. Ina ungozomomin da gwamnati take cewa ta ɗauka? Daga wata uwa, jihar Jigawa.

Wa alaikumus salam, Hajiya. Mu fara da lissafi. Mako guda awa 168 ne, ma'aikaciya ɗaya kuwa awa 40 ake sa ran ta yi. Kin ga ke nan kafin ɗakin haihuwa ya zauna a buɗe dare da rana sai an sami mutum huɗu da ɗoriya, ba a sa hutun shekara ba, ba a sa jinya ba, ba a sa lokacin da ita ma ungozomar za ta haihu ba. Asibitin da ke da ungozoma ɗaya, komai ƙwazonta, dole ya kwana a rufe.

Gwamnati ta san wannan lissafi. A ƙarshen 2009 Hukumar Kula da Lafiya a Matakin Farko ta Ƙasa ta fara shirin tura ungozomomi karkara, da rarar kuɗin da aka samu bayan yafe wa Najeriya bashi a 2005. Aka ɗebi sababbin da suka gama makaranta, da marasa aiki, da waɗanda suka yi ritaya amma da sauran ƙarfinsu. An tsara huɗu a kowane asibiti, a asibitoci 652 a zagayen farko, sannan kowane asibitoci huɗu aka haɗa su da babban asibiti ɗaya da za su riƙa tura masu matsala. Tsarin ba shi da aibu. Wajen biya ne aka sami cikas. An yi yarjejeniya tarayya ta ba kowace ungozoma Naira 30,000 a wata, jiha ta ƙara 20,000, ƙaramar hukuma ta ba da 10,000 da wurin kwana. Jihohi da ƙananan hukumomi da yawa ba su cika nasu alkawarin ba, na tarayyar ma yakan makara. Yarinyar da aka kawo daga nesa, ba ta jin yaren garin, ba ɗaki mai ƙofar kirki, ba ruwa, ba cikakken albashi, ba za ta zauna ba. A 2012 shirin SURE-P, na rarar kuɗin tallafin man fetur, ya ƙaro wasu ma'aikatan, a 2015 aka rufe shi bayan canjin gwamnati.

Yanzu kuɗin da ya fi tabbas shi ne na Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014, wadda ta ware aƙalla kashi 1 cikin 100 na kuɗin shigar tarayya don lafiya a matakin farko. Dokar ta raba shi: rabi ga inshorar lafiya, kashi 20 magunguna, kashi 15 gyaran gini da kayan aiki da sufuri, kashi 10 harkar ma'aikata, kashi 5 agajin gaggawa. Wannan kashi 10 ba zai biya albashin dindindin ba. Ɗaukar ungozoma aiki na jiha ne, ta hannun hukumar lafiya a matakin farko ta jihar. Fenti kuwa kwangila ce ta wata guda, ana yi a ɗauki hoto. Albashi nauyi ne na shekara 35, shi ya sa ake gudun sa.

Akwai kuma masu fita waje. A Fabrairun 2024 magatakardan majalisar da ke kula da aikin jinya da ungozoma ya ce fiye da ma'aikatan jinya 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku. Galibi ba daga ƙauye suke tafiya ba, amma in gurbi ya buɗe a asibitin koyarwa sai a cike shi daga babban asibiti, shi ma a cike shi daga irin naku. Giɓin yakan ƙare ne a karkara.

Ga abin da za ku iya yi. Kowace mazaɓa tana da kwamitin ci gaba da ke sa ido kan asibiti. Ku sa shugabansa ya nemi jadawalin aiki da ke manne a bango, ya kwatanta shi da jerin sunayen da sashen lafiya na ƙaramar hukuma ya ce an turo. Sau da yawa a takarda mutum uku ne ko huɗu, amma sun yi hanya an bar su a birni, albashinsu na fita da sunan garinku. In kun ga haka, ku rubuta wa shugaban hukumar ta jiha, mai gari ya sa hannu, ku riƙe kwafi mai hatimin karɓa. Sannan ku gyara ɗakin kwana a cikin asibitin ko kusa da shi. Maganin da ya fi ɗorewa kuma shi ne 'ya'yanku mata: akwai kwas ɗin ungozomar al'umma na shekara biyu, da cikakken kwas na shekara uku. 'Yar gari ba ta neman canjin wurin aiki.

Matata tana da cikin wata takwas. A asibitinmu babu ungozoma sai malamar lafiya. Mahaifiyata ta ce gara a haihu a gida. Me kuka gani? Daga wani magidanci, jihar Katsina.

Malam, ka kai ta asibiti. Tun 2014 gwamnati ta amince a horar da malaman lafiya na matakin farko su karɓi haihuwar da ba ta da tangarɗa, saboda ƙarancin ungozomomi. Sai dai ka je da kanka tun yanzu ka tambayi malamar ko ta yi wannan horo, ka kuma duba abubuwan nan.

Na farko allurar oksitosin. Ana yi wa mace ita a cinya cikin minti ɗaya da fitowar jariri don mahaifa ta tsuke. Zafi yana kashe ƙarfinta, dole ta zauna cikin firji mai sanyin maki 2 zuwa 8. In ka ga tana ajiye a aljihun tebur, kada ka dogara da ita. Inda ba firji, sai a tanadi ƙwayar misoprostol, guda uku masu ƙarfin microgram 200 kowace, a sha bayan jariri ya fito kuma an tabbata ba na biyu a ciki. Kada a taɓa shan ta kafin haihuwa don a gaggauta naƙuda, tana iya fasa mahaifa. Sai allurar magneziyam salfet ta jijjiga, da na'urar awon jini mai aiki, da fitila, da ruwa.

Zubar jini shi ne kan gaba wajen kashe mata a haihuwa, yana iya gamawa da mace cikin awa biyu. Ma'aunin haɗari rabin lita ne, wato cikin ledar fiya wata guda. Ido yana yaudara, domin zani da katifa suna shanye jinin. Wani babban bincike da aka fitar a 2023, wanda Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ta jagoranci ɓangarensa na Najeriya, ya nuna cewa shimfiɗa leda mai ma'auni a ƙarƙashin mai haihuwa, tare da ba da magungunan gaba ɗaya maimakon ɗaya bayan ɗaya, ya rage munanan sakamakon zubar jini da kusan kashi 60 cikin 100. A gida ba mai yin wannan.

Akwai matan da ƙaramin asibiti ma bai ishe su ba, sai babba: wadda aka taɓa yi wa tiyata, mai tagwaye, mai hawan jini, wadda jariri ya kwanta mata a gicciye, wadda ta ga jini a lokacin goyon ciki, mai ƙananan shekaru a haihuwar fari, da wadda ta haihu biyar ko fiye. Naƙudar da ta wuce awa 12 ita ma a tafi, jinkirinta ne ke jawo yoyon fitsari. Ka yi magana da direba tun yau, ka ajiye kuɗin mai, ka sami 'yan'uwa biyu da za su iya ba da jini, ka kuma bar izini a gida cewa ko ba ka nan a fita da ita. A Nuwamban 2024 ministan lafiya Muhammad Ali Pate ya sanar da tiyatar haihuwa kyauta ga mata marasa ƙarfi, amma a asibitocin da aka tantance ake yi. Ka tambayi hukumar inshorar lafiya ta jiharku wanne ne mafi kusa da ku. Mahaifiyarka kuma ka lallashe ta ta raka surukarta, ta fi kowa amfani a wurin.

Wani ya zo unguwarmu ya karɓi Naira 2,000 da lambar NIN ta kowace mace, ya ce zai sa mu cikin tallafin gwamnati. Shekara ta zagayo ba mu ga komai ba. Daga wata bazawara, Zariya.

'Yar'uwa, an cuce ku. Ba a biyan ko sisi don shiga rajistar marasa ƙarfi ta ƙasa. Yadda ake yin ta shi ne jami'ai su zo gari, su zauna da maza daban, mata daban, matasa daban, kowane rukuni ya faɗi alamomin talauci a garin ya lissafa gidajen da suka fi buƙata. A haɗa jerin a gaban jama'a, sannan masu ɗaukar bayanai su bi gida gida. Shiga rajistar ma ba tabbacin samun kuɗi ba ne, daga cikinta ake zaɓa.

Daga 2016 an riƙa ba gida Naira 5,000 a wata, a biya 10,000 duk wata biyu, kuma an sa dala miliyan 322 na kuɗin Abacha da Suwizalan ta dawo da su cikin shirin. A Oktoban 2023 aka sanar da Naira 25,000 sau uku ga gidaje miliyan 15.

Ɓarnar ta kan shigo ta kafa da yawa. A matakin jeri, masu faɗa a ji su cusa danginsu. A wajen biya, lokacin da ake raba tsabar kuɗi a fili, wakili ya yanki nasa. Wata kuma ita ce a bar sunanki a canza lambar waya ko ta asusu, kuɗin ya fita da sunanki ya faɗa hannun wani. Wanda ya tattara lambobinku zai iya yin wannan, ko ya buɗe asusun waya da su. A sama ma ba a tsira ba: ranar 8 ga Janairun 2024 Shugaba Tinubu ya dakatar da ministar jinƙai Betta Edu bisa zargin ba da umarnin zuba Naira miliyan 585 a asusun ƙashin kai na wani mutum. Ɓangarenta ya ce kuɗin tallafin jihohi huɗu ne, amma ƙa'idojin kuɗin gwamnati sun hana sa kuɗin jama'a a irin wannan asusu. Kwanaki kaɗan bayan haka aka dakatar da shirye-shiryen tallafin baki ɗaya, da aka dawo kuma aka ɗaura biyan a kan NIN da BVN.

Ki danna *346# a layin da kika yi rajista da shi don ganin NIN ɗinki, *565*0# kuma don BVN. Ki je banki ki tabbata sunanki da ranar haihuwarki iri ɗaya ne a duka biyun, domin bambanci tsakanin A'isha da Aishatu kaɗai yakan hana kuɗi shiga. Ki kuma roƙi a duba miki ko akwai asusun da ba ki sani ba a kan lambarki. Kada ki karanta wa kowa lambar sirri da aka turo miki ta waya, kada ki cike fom ɗin da ke yawo a WhatsApp ko Facebook. Shi kuwa mutumin, ku haɗu ku rubuta sunayenku, abin da kowa ta bayar da ranar, ku kai ga 'yan sanda ko EFCC, ku ba ofishin tallafi na jiha kwafi. Karɓar kuɗi da ƙarya laifi ne a dokar zamba ta 2006, hukuncinsa ɗaurin shekara 7 zuwa 20. Ƙorafin mata talatin a takarda ɗaya ya fi wuyar turawa gefe.

Mahaifinmu ya rasu bara, amma fanshonsa yana ta shigowa, muna cira da katinsa muna ciyar da marayu. Akwai laifi? Daga wani ɗalibi, Bauchi.

Allah ya jiƙan Baba. Akwai laifi, ɗan'uwa, ku daina daga yau. Fanshon wata wata haƙƙin mai rai ne, abin da ya shigo bayan rasuwa sai an tantance na wane ne, kuma cira da katin mamaci laifi ne na daban. Ranar da aka yi tantancewa za a lissafa abin da aka cira, galibi a zare shi daga haƙƙin magada. Ku karɓi takardar shaidar rasuwa daga Hukumar Ƙidaya, ku sanar da banki da ofishin fanshon a rubuce, ku nemi takardar izinin kula da gado daga kotu. In yana cikin tsarin adashen fansho na 2004, ragowar abin da ke asusunsa na magada ne, kuma ta wannan hanya ake fitar da shi.

Na san za a ce manya sun ci fiye da haka. Gaskiya ne. A Nuwamban 2021 kotu ta ɗaure Abdulrasheed Maina, tsohon shugaban kwamitin gyaran fansho, shekara 8 kan kuɗin 'yan fansho kimanin Naira biliyan 2. A 2016 ma'aikatar kuɗi ta cire sunayen bogi 23,846 daga albashin tarayya bayan an gwada su da BVN. Irin wannan gwaji ne zai kamo asusun Baba, kuma bai kamata marayu su ci abin da ake shakkarsa ba alhali halalinsu na nan yana jiran takarda.

Ana bin yayana bashin kuɗin kaya, ya yi tafiya. 'Yan sanda suka kama ƙanenmu suka ce sai yayan ya fito, kwana huɗu ke nan, kuma suna neman kuɗin beli. Daga wani ɗan kasuwa, Kano.

Alhaji, an karya doka a wuri huɗu. Sashe na 36 na Dokar 'Yan Sanda ta 2020 ya hana kama wani a madadin wani. Sashe na 32 ya hana kama mutum kan bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai. Sashe na 35 na kundin tsarin mulki ya ce a kai wanda aka kama kotu cikin awa 24 in akwai kotu a tazarar kilomita 40, in babu, kwana biyu, sai fa laifin da hukuncinsa kisa ne. Belin 'yan sanda kuma kyauta ne. Mai tsayawa hannu yake sawa a takarda cewa zai kawo mutum ranar da aka nema, ba kuɗi yake ajiyewa ba, kuma mace ma tana iya tsayawa.

Dabarar da ake yi ita ce mai bin bashi ya rubuta ƙorafinsa da sunan zamba ko cin amana. Bambancin yana ga niyya: wanda ya karɓi kaya da nufin biya kasuwa ta juya masa baya, bashi ne, wurinsa kotun farar hula, kotun shari'a ko kotun ƙananan basussuka. Wanda ya yi ƙarya tun farko don ya karɓa, shi ne mai zamba. Ko da zambar ce, ƙanenku ba shi ya yi ba.

Kada ku tsaya jayayya da mai binciken. Ku nemi ganin DPO cikin ladabi, da takardar neman beli daga lauya. In bai saurara ba, ku kai ga kwamandan yanki ko ofishin kwamishina, da sashen karɓar ƙorafi da rundunar ta kafa a 2015. Ku rubuta ranar kamu da lokacin, sunan jami'in da lambar da ke ƙirjinsa. Ku gaya wa yaron kada ya sa hannu a takardar alkawarin biyan bashin, kada kuma ya ba da jawabi sai gaban lauya ko wani da ya zaɓa, tsarin mulki ya ba shi damar yin shiru. Majistare yana da ikon zagaya ofisoshin 'yan sanda duk wata ya ba da beli a nan take, lauya zai iya sanar da shi. In duk bai yi ba, sai a shigar da ƙarar kare haƙƙin ɗan'adam a babbar kotu, wadda za ta iya ba da umarnin saki da diyya da neman afuwa a bainar jama'a. Marasa kuɗin lauya su je Hukumar Ba da Agajin Shari'a, kyauta take yi.

Me ya hana a ba jihohi 'yan sandansu, tunda gwamnoni ne suka san dajinsu? Daga wani malamin makaranta, Gusau.

Malam, sashe na 214 na tsarin mulkin 1999 ya zo da cewa rundunar 'yan sanda ɗaya ce a ƙasa. Sashe na 215 ya ba gwamna damar ba kwamishina umarni, amma kwamishinan yana iya cewa sai ya ji daga shugaban ƙasa. Gyara irin waɗannan sassa yana buƙatar kashi biyu cikin uku na majalisar dattawa da ta wakilai, da amincewar majalisun jihohi 24 cikin 36.

Tsoron da ake ji yana da tushe. Arewa ta yi 'yan doka a ƙarƙashin En'e, kuma dattawan da suka yi jam'iyyar adawa ta NEPU ba su manta yadda aka riƙa amfani da su a kan 'yan adawa ba. Wannan yana cikin dalilan da suka sa mulkin soja ya narkar da su cikin rundunar tarayya bayan 1966. A gefe guda kuma, ɗan sandan da aka turo daga nesa, bai san hanyar daji ba, bai san wa ke gaba da wa ba, ba zai kare ƙauyen Zamfara ba. Shi ya sa jihohi suka kafa nasu dakarun: Katsina a Oktoban 2023, Zamfara da askarawanta a Janairun 2024.

A ganina 'yan sandan jiha abu ne da ya dace, amma sharuɗɗan su ne komai. Ka duba wa ke naɗa kwamishina da wa ke iya cire shi. In gwamna shi kaɗai ne, an koma gidan jiya. Ka duba ko za a cire albashinsu kai tsaye daga kason jiha kafin ya shiga hannun gwamnati, domin mai bindigar da aka riƙe wa albashi wata uku a kan hanya zai nemi abinci. Ka duba ko ɗaukar aiki zai haɗa kowane ɓangare, Hausawa da Fulani da sauran mazauna jihar, don abin da 'yan sa-kai suka jawo a Zamfara ya isa darasi. Ka duba ko akwai hukumar ƙorafi da ba ta ƙarƙashin gwamna. Sai maganar makami: Dokar Bindigogi ta 1959 ta sa lasisin manyan bindigogi irin AK-47 a hannun shugaban ƙasa, saboda haka tana cikin dokokin da dole a taɓa tare da tsarin mulkin, in ba haka ba dakarun jiha za su ci gaba da fuskantar 'yan bindiga da makamin da bai kai nasu ba.